Auren 'Yar Tsauni

Da sunan Allah nake farawa, Mai saukar da ruwa inda Ya so, Mai tsirar da ƙwaya a bayan dutse, Mai mayar da matafiyi gidansu. Bayan haka, ku matso kusa ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Nomau ɗan Barmo, mutumin Gawon Tsakiya a ƙasar Dalmaru, manomi jikan manoma. Ban taɓa zaton ƙafata za ta wuce kasuwar ƙauyenmu ba, sai ga shi ta kai ni inda gajimare ke kwana a ƙarƙashin mutane. Ga yadda aka yi.

A zamanin da nake ba ku labari, damina ta koyi rowa. Ruwa zai sauko da kyau, mu yi shuka, mu yi noma, gero ya tashi har ya yi ciki, sai sama ta ɗauke kamar an toshe bakin tulu. Shekara ta bi shekara a haka. Muka sayar da awaki, muka ci dusa, muka bi tafasa da ganyen kuka har cikin daji. A ƙarshe muka yi abin da manomi ba ya son a ambata: muka sauke damman iri daga rumbu, muka daka, muka ci. Ko da ruwa ya dawo, ba mu da abin sa wa a ƙasa.

Ana cikin haka wani falke ya yada zango a garinmu. Shi ya ce mana a can ƙuryar Tsaunukan Zarmiya akwai wasu ƙananan ƙabilu, kowace da kasuwarta, kuma a kasuwar ƙarshe akwai wani hatsi da suke kira 'yar tsauni, mai nuna tun kafin ruwa ya yi tunanin ɗaukewa. Dattawa suka tattara abin da ya rage wa gari, gishiri da kanwa da 'yan turamen turkudi, suka ɗora wa jaki. Suka zaɓe ni don na san iri. Suka haɗa ni da Kawu Jatau, ƙanen mahaifiyata, don ya san kasuwa. Dillali ne na gaske, wanda zai taya raƙumi da kuɗin kaza, mai shi ya bi shi da godiya. Na bar matata Lanti da 'yar autarmu Tabawa, wadda wuyanta ya riga ya fara sirancewa, muka kama hanya.

Muka yi ta tafiya, ƙasa tana tashi da mu, iska tana ƙara sanyi, har muka kai kasuwar Ƙwangilawa. Wannan kasuwa a cikin gajimare take ci. Wallahi ba ƙari nake yi ba, mutum zai miƙa hannunsa ya kasa ganin yatsunsa. Saboda haka kowane mai kaya yana da ƙararrawarsa. Ta mai zuma dabam, ta mai cuku dabam, ta masu barguna kuwa wata 'yar siririya ce mai kukan tsuntsu. Mai saye da kunne yake bin kaya, in ya isa ya shafa, ya sansana, ya ɗanɗana. Da harshen fatake ake magana, wanda kowa a tsaunukan nan yake jin gutsurensa.

Kawu ya ce in bar masa komai. Ya bi wata ƙararrawa mai kauri, ya durƙusa, ya shafa wani bargo mai laushi da ɗumi, ya shiga tayi. Ya taya, shiru. Ya ƙara, shiru. "Kai, wannan mai kaya da taurin kai yake!" in ji shi. Sai bargon ya yi atishawa ya miƙe tsaye. Ashe tun ɗazu da wani bunsuru mai ƙararrawa a wuya yake ciniki.

Dariyar da na yi ce ta kusa kai ni lahira. Ina ja da baya ina riƙe ciki, sai na ji an damƙi wuyan rigata an fizgo ni. Wata mata ce. Har yau ban san kamanninta ba, muryarta kawai na sani da ƙanshin hayaƙin da ke jikinta. Ta ɗauki dutse ta jefa inda ƙafata za ta sauka. Muka saurara, muka saurara, ban ji faɗuwarsa ba. Na ciro dunƙulen gishiri na ba ta. Ta lasa, ta rangaɗa guɗa irin tasu, ta farfasa ta raba wa maƙwabtanta. Ita ta ba mu barguna da ƙoƙon zuma, ta ɗaura mana ƙararrawa a ƙafa, ta riƙe hannuna har bakin hanyar gaba. Allah Ya saka mata da alheri duk inda take.

Kasuwa ta biyu ta Ziriyawa ce, rabinta a wannan gefen wani kwazazzabo, rabinta a wancan. Tsakaninsu igiyoyi ne na gashin awaki, masu kaurin cinyar ƙato, kwanduna na ta kai-komo a jikinsu. Albasa na tafiya, tukwane na dawowa, ga wata tsohuwa zaune cikin kwando tana kaɗi, ko a jikinta. Ciniki da ihu ake yi da alamar hannu. Jakinmu dai ya ga igiya ya ce bai san zancen ba. Dole muka bar shi hannun wani maƙeri, muka kinkimi kaya muka shiga kwando ɗaya ni da Kawu.

Akwai wata doka da ko jariri a wurin ya sani, shi ya sa babu wanda ya ga dalilin gaya mana: ba a hawa igiya da nama. Kawu kuwa yana da ɗan kilishin da ya ɓoye a aljihu tun daga gida, ragowar akuyarsa ta ƙarshe. Muna kaiwa tsakiya, inda igiya ke lanƙwasa, sai inuwa ta rufe mu. Wasu ungulaye ne masu girman maraƙi suka taso daga sheƙarsu a ƙetare. Masu jan kwando suka saki igiyar ja suka ruga cikin rumfuna. Muka tsaya cak muna lilo, ƙasan kwazazzabon ko ganuwa ba ya yi.

"Kawu, me ke aljihunka?"

"Carbi ne, ɗan nan."

"Carbi ne ke ƙanshin yaji?"

Ya fito da shi, zai jefar, na riƙe shi. In ya jefar tsuntsaye za su bi nama, mu kuwa mu yi ta lilo har iska ta kifar da mu. Na warware rawaninsa, na ƙulle kilishin a baki ɗaya, ɗaya bakin na ɗaure a jikin kwando, na wurga sama. Babbar cikinsu ta cafe ta nufi sheƙarta da shi. Kai jama'a! Kwandon nan ya zabura a kan igiya kamar doki ya ji ƙaimi. Kawu na salati kai ba hula, ni ina rungume da buhun gishiri, har muka daki tarin ciyawa a ƙetare. Ziriyawa suka yi caa a kanmu, wasu na faɗa, wasu na dariya har da hawaye. Da ƙura ta lafa suka zaunar da mu, suka ba mu kunun wata saiwa mai zaƙi, suka kifa wa Kawu malafa a ka. Na miƙa kanwa, suka ƙi karɓa, suka ce kallon da suka yi ya ishe su.

Daga nan muka hau, muka hau, har numfashi ya fara gagararmu, muka iso ƙasar Malgurawa. Su ne suka sassaƙe jikin tsauni hawa-hawa, kowane hawa gona ce. Kasuwarsu a kan wani faffaɗan dutse take ci, kuma mata ne masu ita. Suna sanye da baƙaƙen riguna masu aikin jan zare, kunnuwansu ɗauke da zobban jan ƙarfe, ana kaɗa wasu ƙananan ganguna a hankali. Akwai barkono, akwai wuƙaƙe, akwai tukwane masu hannu biyu. Ni dai idona ya wuce can tsakiya, inda aka jera wasu kwanduna a kan tabarmi, an rataya musu duwatsun wuya, an shafa musu lalle a baki, masu su kuwa suna zaune a ƙasa. Na leƙa na farko. Ƙwaya ce 'yar ƙarama, ja-ja, mai sheƙi. Na saki baki, don manomi ya san iri mai rai in ya gan shi.

Kawu ya taka mini ƙafa. "Rufe bakinka, kada su ga kana so." Ya gyara zama gaban wata tsohuwa mai farin gashi, ya ɗebi ƙwayar a tafin hannu, ya yamutsa fuska, ya yi abin da kowane dillalin kirki ke yi a ƙasarmu kafin ya taya kaya.

"Iya, wannan ce ake ta zuzutawa? Ai duk ta ƙanjame. Ga ƙwari sun fara ci. A garinmu ko kaji sai an roƙe su."

Ganguna suka tsaya. Tsohuwar ta kama hannunsa ta juye ƙwayar cikin kwando, ta kakkaɓe tafinsa tas, ta ɗora faifai ta rufe. Ta kusa da ita ta rufe. Haka faya-fayai suka yi ta sauka, fat, fat, fat, har ƙarshen layi. Kasuwa ta yi tsit.

Sunan tsohuwar Kurumbe, ita ce Uwar Iri ta Malgurawa. Ta dubi Kawu ta ce, "Baƙo, a garinku in an je neman aure, da zagin yarinya ake farawa?"

"Aure kuma? Iya, ciniki na zo."

"To ka ɓata hanya. Barkono ake sayarwa a nan, da wuƙa, da tukunya. Wannan 'yarmu ce. Ba ma sayar da ita, aurar da ita muke yi ga gidan da muka yarda da shi. Yau ka tsallako duwatsu don ka gaya mana kajinku ma sun fi ƙarfinta."

Na zube gabanta na ce, "Iya, a yi mana aikin gafara. A wurinmu abin da mutum ya fi so shi ya fi kushewa a kasuwa. Da bai so ta ba, da yabonta zai yi ya wuce."

Matan suka yi ƙus-ƙus, wata ta ce lallai mutanen ƙasa a juye suke tafiya. Kurumbe ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai ne angon?" Na ce ni ne. Ta ce, "Al'adarmu, mai neman aure shi ke faɗin aibin gidansa, a gaban kasuwa, kada ya rage komai. Aibin 'yarmu mu muka san shi, ba kai ba. Muna jin ka."

Kawu ya raɗa mini, "Ka ce ƙasarmu baƙa ce, ka ce rumbunanmu..." Na ture bakinsa. Na miƙe na ce ƙasarmu jigawa ce kuma ta gaji. Na ce ruwanmu ba shi da alkawari. Na ce akwai gara, akwai tsuntsaye jan baki masu sauka a gona su tashi da ita. Bayan kowace magana matan sukan amsa, "Mun ji." Sai na koma zan zauna.

"Saura," in ji Kurumbe.

"Shi ke nan, Iya."

"Saura. Manomi ba ya tsallake duwatsu neman iri sai wani abu ya sami nasa. Ina naku?"

Na ce, "Mun cinye shi."

Wata mata ta dafe kai, wata ta rungume kwandonta. Kawu ya ce a hankali, "Shi ke nan, ka kashe mu." Ni kuwa tunda ta fito, sai na ƙarasa. Na ce yunwar da ta sa muka ci namu tana nan tana jirana a ƙofar gari, kuma ban isa in rantse cewa 'yarsu za ta kai damina ba a daka ta ba. Na ce ina da yarinya a gida wadda wuyanta bai fi sandar nan kauri ba, in ta yi kuka ban san abin da hannuna zai aikata ba.

Kurumbe ta dube ni. Sannan ta ɗaga faifan. Ta ce, "Masu zuwa da yawa cewa suke yi gidansu ba abin da babu. Irin waɗannan barkono muke ba su su tafi. Kai ka faɗi inda ramin yake, yanzu mun san shirin da za mu yi mata."

Ganguna suka dawo. Matan suka kwaɓa yumɓu da toka da kashin awaki da ruwan wani ganye mai ɗaci, suka riƙa saka 'yan ƙwayoyi suna mulmulawa, kowane dunƙule kamar ƙwan zabo. Suna yi suna waƙar rakiyar amarya, wasu har da kuka na gaske. Aka shanya a rana suka bushe ƙayau, aka zuba mini su a kwando. In ka gan su ba za ka ce akwai abin kirki a ciki ba. Gishirinmu da turkudi suka karɓa a matsayin gaisuwar iyaye, aka raba gida-gida.

Ranar tafiya Kurumbe ta sa na dafa kwandon, ta ce, "Surukina, kada ka binne ta sai shamuwa ta iso garinku. Kuma kada ka gaya wa kowa abin da ke ciki sai ta fito da kanta ta gaishe su. Na ce kowa, har wadda kuke ɗaki ɗaya." Na ɗauki alkawari. Sai ta ce al'ada ce wani daga dangin ango ya zauna wurinsu har a kawo damin farko ganin gida. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Ni ne. Bakina ya yi ɓarna, bari hannuna ya gyara." Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba! Na rungume shi ina hawaye. Kada ku damu da shi, don da na koma ɗauko shi na tarar ya yi kumatu, yana zaune gaban barkonon wata bazawara yana ta yabonsa, sai da na yi da gaske ya biyo ni.

Na juyo ta kasuwar igiya da ta gajimare, na karɓi jakina wurin maƙeri. A gindin tsaunuka, inda yunwa ta soma, wasu mutane suka tare ni da sanduna. Ba 'yan fashin asali ba ne, manoma ne irina, idanu duk sun faɗa. Suka kwance kaya suka ga dunƙulen laka. Babbansu ya lasa ɗaya ya tofar, ya ce, "Me za ka yi da wannan?" Na washe baki na ce ƙwan dutse ne, gida zan kai kaza ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe mini tsaunuka. Suka dubi juna, ɗaya ya ce, "Allah sarki, yunwa ta taɓa shi." Suka tafi da jaki da zuma, suka bar mini bargo don tausayi, har suka taya ni ɗora kwandon a ka.

Da na shiga Gawon Tsakiya gari ya fito. Aka sauke ni a ƙofar mai gari, aka buɗe kwando. Wani dattijo ya ce, "Nomau, gishirinmu da turkudinmu, laka ka sayo da su? Ina Jatau?" Na ce Kawu yana lafiya, sauran magana sai nan gaba. Aka ce na sayar da kawuna, aka ce aljanun dutse sun shafe ni, aka sa mini suna Sarkin Laka. Duk wannan bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni yana cikin gidana. Tabawa ta daina wasa, ta daina ma kuka sosai, sai ta jingina da bango tana bin mutum da ido. Lanti tana fita tun safe ta tono saiwoyi, ta dafa ganye ba gishiri, ba ta ce mini kanzil. Ni kuwa na zuba dunƙulen a rumbu na liƙe, ina yawon neman fara da gwandar daji, ina dawowa ina duban sama ko zan ga shamuwa. Wata rana da tsakar rana Lanti ta tafi rijiya, Tabawa ta ce, "Baba, ko ɗan kunu." Na hau rumbu, na fasa dunƙule ɗaya. Ga su nan ja-ja a tafina. Wanki ɗaya, daka ɗaya, da yarinyar nan ta yi kwana da kwanaki tana shan kunu. Na daɗe a tsugune ina jin numfashinta daga ƙasa. Sannan na tofa yawu na kwaɓa lakar na mayar da su ciki. Ban taɓa ƙin wani mahaluki yadda na ƙi tsohuwa Kurumbe a ranar nan ba.

Allah Ya sa shamuwa ta iso, ta sauka kan tsamiyar kasuwa. Na ɗauki sungumi na bi gonata, ina sara, ina jefa dunƙule, ina takewa, ni kaɗai, mutane na tsaye kan hanya suna kallon mahaukaci yana shuka laka. Lanti ko leƙowa ba ta yi ba. Da na cika tawa na shiga ta maƙwabta, ba wanda ya hana ni, ai a banza suke kwance. Ba a jima ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Bayan 'yan kwanaki, da sassafe, na ji ana guɗa a bayan gari. Na saɓa Tabawa a kafaɗa muka fita. Gonar nan tun daga kan hanya har bakin fadama ta yi layi-layi, kore shar, kowane gurbi tsiro sun fasa lakarsu sun fito. Dattijon da ya tuhume ni yana durƙushe yana shafa su yana kuka. Na juya fuskata wajen tsaunuka, na gode wa Allah, na gode wa matan nan da suka san yunwa fiye da yadda na san ta, har suka ɓoye mana abincinmu daga bakinmu.

Sai ga Lanti. Ta ratsa mutane, ta tsuguna, ta tono gurbi ɗaya da yatsa, ta ga ɓawon ƙwaya manne da saiwa. Ta miƙe a hankali.

"Maigida, hatsi ne a cikin lakar nan?"

"Hatsi ne."

"Tun ranar da ka dawo?"

"Tun ranar."

"Yarinyar nan tana roƙon kunu, kana da kwando guda a rumbu?"

"Ina da shi."

Na jira ta mare ni, kuma da ta yi da ban ɗaga hannu ba. Ta dubi Tabawa a kafaɗata, ta dubi gonar, ta sake duban Tabawa. Hawaye suka zubo mata.

"Gara da ba ka gaya mini ba," in ji ta. "Wallahi da na daka shi."

Ta mayar da tsiron gurbinsa, ta danna ƙasa a gefensa da tafin hannu, ta karɓi yarinyar ta goya.

Tabawa ta rayu, ita ta fara shan kunun 'yar tsauni, yau 'ya'yanta ne ke shuka ta. Iyakar abin da idona ya gani ke nan. Wanda ya ji, ya taya ni yi wa mutanen tsauni addu'a.